A DAKE KA A HANA KA KUKA: Yadda Ake Janye Motar 'Yan Makaranta A Ingila

Duk wanda ya saba jin labarin Ingila daga bakin masu kambama ta, zai ɗauka ɗan talaka a can bai san wahalar zuwa makaranta ba. To ya kai mai karatu, bari ka ji abin da ƙananan hukumomin ƙasar suke yi wa 'ya'yan raunana tun daga 2010, a ƙarƙashin wata kalma mai daɗin ji, wai ita "ganin dama".

Asalin maganar shi ne, tun dokar ilmi ta 1944 aka wajabta wa hukuma ta kai yaro kyauta zuwa makaranta mafi kusa da shi, idan nisanta ya wuce mil 2 ga wanda bai kai shekara 8 ba, ko mil 3 ga wanda ya kai. Wannan wajibci yana ƙarewa ne a shekara 16. Abin da ya ƙaru a kan haka, kamar ɗaukar ɗaliban kwaleji, da mafi yawan yaran da iyayensu suka zaɓa masu makarantar addini mai nisa, doka ta bar shi ga ganin damar ƙaramar hukuma. Da kuɗi suka ja baya, nan aka fara sa wuƙa.

Abin takaicin shi ne, ita gwamnatin ƙasar ce ta wajabta, tun daga 2015, cewa kowane matashi sai ya ci gaba da karatu ko koyon sana'a har ya cika shekara 18. Kafin nan kuwa, a 2011, ta soke ɗan alawus ɗin da yakan kai fam 30 a mako, wanda 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi suke biyan kuɗin mota da shi, ta musanya shi da wani asusun da bai kai shi ba. An ce dole ka je, an kuma ɗauke abin zuwan. In wannan ba a dake ka a hana ka kuka ba ne, to mene ne?

Kuma wa abin ya fi shafa? Ba ɗalibin Landan ba ne, shi yana hawa bas kyauta. Ba matashin Scotland ba ne, can tun 2022 duk ɗan ƙasa da shekara 22 ba ya biyan kuɗin bas. Ɗan ƙauye ne wanda kwalejinsa take nesa, sai kuma naƙasasshe wanda ba zai iya hawa motar haya shi kaɗai ba. A Birmingham, bayan hukumar birnin ta shelanta a 2023 cewa asusunta ya kasa, tallafin jigilar naƙasassun ɗalibai da suka haura shekara 16 yana cikin abin da aka zaftare a 2024. Manya suka yi ɓarna, marasa gata suka biya.

Su hukumomin suna cewa ba laifinsu ba ne. Lallai akwai ƙamshin gaskiya, domin ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya tabbatar da cewa kason da gwamnatin tsakiya take ba su ya ragu da kusan rabi daga 2010 zuwa 2018. Amma fa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda aka ba amana, in tsimi ya zama dole, ba daga kan mafi rauni ake farawa ba.

Magani a fili yake. Tunda an kai wajibcin karatu shekara 18, to a kai wajibcin mota shekara 18, a fitar da shi daga ganin damar kowa. Domin duk haƙƙin da aka bar wa ganin damar mahukunta, ranar da aljihu ya yi sanyi shi ake fara yankawa, a Ingila ne ko a wani wuri.

Allah Ya kyauta.