Har Yaushe Talaka Zai Dogara Da Tafinta?

Ranar da Lugga ya tsaya a Sakkwato cikin watan Maris na 1903 yana shelanta cewa mulki ya koma hannun Ingila, ba da Hausa ya yi magana ba, tafinta ne ya isar da saƙon. Zazzau kuwa tun 1902 ta riga ta shiga hannu. Daga wannan lokaci duk talakan da ke da magana a gaban Joji ko Di'o sai ya bi ta bakin wani, ya kuma karɓi abin da aka ce an ce. Nasara ya naɗe tutarsa a 1960, amma abin takaici har yau matashin Kudan, Maƙarfi da Ikara bai rabu da tafinta ba. Sunan kawai aka sauya. Jiya masinja ne, yau dillali ne, ko yaron mota, ko wani baƙo da aka roƙa a layin banki.

Ƙasar nan ta manoma ce da fatake. Raken Maƙarfi da mazarƙwailarta, tumatirin Ikara, inabin Kudan da Hunƙuyi, ba a gida ake cinye su ba. Lodi ake yi a nufi Abuja, Legas, Anacha da Fatakwal, inda ciniki ke tafiya da Turanci ko da Buroka. Matashi ya sha rana wata da watanni a fadama, ya biya kuɗin mota, ya kwana a kan hanya, sannan a tsakiyar kasuwa ya koma kurma. Dillali ya juya ya yi magana da mai saye, ya juyo ya faɗi farashin da ya ga dama. Wa zai ƙaryata shi? Ai wanda bai ji ba, ba shi da bakin musu.

Ba a kasuwa kaɗai abin ya tsaya ba. Galan ɗin maganin feshi da ake saye kowace damina yana ɗauke da bayanin adadin da za a zuba a ruwa, da kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a tsinki amfanin gona, da abin da za a yi idan gubar ta shiga ido ko ciki. Akasarin wannan da Turanci yake. Haka kwalin maganin yaro: ranar da zai lalace, lambar hukumar NAFDAC, da sau nawa za a sha a yini. Haka saƙon banki da ke shigowa waya, wanda 'yan damfara ke kwaikwayo su kwashe jarin mutum cikin minti biyu. Wanda ya kasa karanta waɗannan, da dukiyarsa da lafiyar iyalinsa yake caca.

Duk da haka akwai masu zama a majalisa suna sanyaya gwiwar matasa. Cewa suke Turanci harshen Nasara ne, mai koyonsa ya kama hanyar lalacewa. Tsoron nasu yana da asali, ba a musun haka. Iyayen da suka ɓoye 'ya'yansu a rumbu gudun makarantar boko sun ga wanda ya kawo ta, sun kuma san shi ne ya kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Amma su masu wannan magana a yau, me ya sa ba su ƙi motar Nasara da wayarsa da takinsa ba? Me ya sa idan sammaci ya zo sai su ruga neman ɗan boko ya karanta masu? Ashe harshen bai zama haram ba sai in talaka ne zai koya?

Addini kuwa bai ba su mafaka ba. Alƙur'ani mai girma, a Suratur Rum aya ta 22, ya lissafa bambancin harsuna cikin ayoyin Allah. Ya tabbata kuma cewa Manzon Allah (S) ya umurci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa saboda wasiƙun da ake musaya da su, don kada amana ta rataya a hannun wanda ba a amince da shi ba, Zaidu kuma ya iya cikin kusan rabin wata. Wannan kaɗai ya isa hujja, ba sai an jingina da maganar nan da ake yawo da ita cewa mai sanin harshen mutane ya tsira daga makircinsu ba, domin malamai ba su tabbatar da ita a matsayin hadisi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu da harshe uku ta yi rubutu, Larabci da Fulatanci da Hausa. Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, waɗanda suka tashi a gidajen ilimi, da Turancin suka tunkari 'yan mulkin mallaka, ba su kuma zama Nasara ba.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu cuta irin ta daban. Su ne waɗanda suka tsinci kalma goma a finafinai suka dawo gari suna karya harshe, suna kallon mahaifinsu a matsayin bagidaje. Irin wannan saurayi ba zai iya cike takardar asibiti ba, amma ya iya gaisuwar gayu. Shi ne ke ba masu hanawa hujja, domin da zarar dattijo ya gan shi sai ya ce ga abin da ake gudu. Turanci fartanya ce, noma ake yi da ita, ba a ratayawa a wuya don ado. Ba ma'aunin hankali ba ne, balle na daraja. Jamhuriyar Nijar da ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa a 2025 ta bar Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan riƙe naka ba ya hana ka iya na wani.

To me ake nema daga matashi? Ba digiri ba. Jimloli ne ƙidayayyu na yau da kullum. Ya iya gaisuwa da faɗin sunansa da garinsu. Ya iya ƙirga, da sunayen ranaku da watanni, da tambayar farashi da neman ragi. Ya iya faɗa wa likita inda ke ciwo da kwana nawa ya yi. Sama da duka ya haddace jimlolin kare kai: ban gane ba, a maimaita a hankali, wane laifi na yi, a ba ni rasit, ba zan sa hannu ba sai an karanta mani, ina neman mai fassara. Wannan ta ƙarshe haƙƙi ne, ba alfarma ba. Tsarin mulkin 1999, sashe na 35, ya wajabta a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, sashe na 36 kuma ya ba wanda ake tuhuma da laifi damar samun mai fassara a kotu kyauta. Matasa nawa aka tsare ba su taɓa jin wannan ba, saboda dokar kanta da Turanci take?

Hanyar kuma ba mai nisa ba ce. Jimla biyar a mako, a shekara sun zama 260, sun fi ƙarfin buƙatar kasuwa da asibiti da shingen hanya. Wanda ya haddace izu da dama a allo ba jimla biyar za ta gagare shi ba. In bai iya boko ba ya rubuta lafazin da ajami a ƙaramin littafi, ya riƙa bita a gona. Mutum biyar su haɗu bayan Isha'i, wannan ya zama mai saye, wancan mai sayarwa, a yi kuskure a yi dariya a gyara. Kunya ce babban shinge, mai jin kunyar tambaya kuwa ba ya rabuwa da jahilci.

Nauyi mafi girma yana kan 'yan'uwa ɗalibai. Jami'ar Ahmadu Bello tana Zariya tun 1962, ga kwalejin kiwon lafiya a Maƙarfi, kuma 'ya'yan yankin nan na cikinsu. Ɗalibin da ya dawo hutu ya kasa ware awa ɗaya a mako don ƙannensa da abokan wasansa, ya sani cewa ya zaɓi ya zama sabon tafinta, mai cin gajiyar duhun kan 'yan'uwansa. Masu makarantun dare da limaman unguwa su ma su buɗe ƙofa, su ba da zaure da tabarma.

Kakar tumatir na tafe, motoci za su sake ɗaukar hanya. Kowane matashi ya tambayi kansa: bana da bakinsa zai yi ciniki, ko kuwa zai sake tsayawa yana kallon leɓen dillali? Allah Ya sa a gane, Ya kuma ba da ikon gyarawa.