Kujerar Alaska da ƙuri'un da jam'iyya ta ɗauka nata ne

Ranar 31 ga Agustan 2022 hukumar zaɓen jihar Alaska ta Amurka ta yi ƙidayar ƙarshe ta zaɓen cike gurbin kujerar Majalisar Wakilai, jama'a na kallo kai tsaye ta intanet. Cikin 'yan mintuna sakamako ya fito: Mary Peltola ta jam'iyyar Democrat ta kayar da Sarah Palin ta Republican da ratar ƙuri'u dubu 5 da 'yan kai. Kafin gari ya waye jihar ta rabu, wasu na murna har da hawaye, wasu na rantsuwa cewa da dabara aka ƙwace musu kujera. Maganganun da masu zaɓe suka yi bayan wannan sakamako su nake so mu duba a wannan mako, domin a ganina sun fi sakamakon kansa abin lura.

Duk faɗin Alaska, wadda ta fi kowace jiha a Amurka girman ƙasa, kujera ɗaya tak take da ita a Majalisar Wakilai, saboda ƙarancin jama'a. Don Young na Republican ya riƙe wannan kujera tun 1973 har ya rasu a watan Maris na 2022, shekara 49 cur. Rabon jihar da ta zaɓi ɗan takarar shugaban ƙasa na Democrat tun 1964, kuma a 2020 Donald Trump ya cinye ta da ratar kusan kashi 10 cikin 100. Palin tsohuwar gwamnar jihar ce, ita ce John McCain ya ɗauka mataimakiya a takarar shugaban ƙasa ta 2008, Trump kuma ya taka har birnin Anchorage ya ɗaga hannunta. Ita kuwa Peltola, a zaɓen share fage na watan Yuni da mutum 48 suka shiga, ta huɗu ta zo, da kusan kashi 10 cikin 100. Duk wanda ya yi lissafi bisa tarihin jihar ba zai ba ta kujerar ba.

Sai dai an yi zaɓen ne da sabon tsari, wanda mutanen Alaska da kansu suka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama ta 2020, da ƙyar. A zaɓen 'yan majalisa irin namu, wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ya ci, ko da bai kai rabi ba. A Alaska mai zaɓe yana jera 'yan takara ne: wannan na fi so, in bai samu ba ga na biyu, sannan na uku. Idan babu wanda ya haye rabi a ƙidayar farko, sai a cire na ƙarshe, a duba wa magoya bayansa suka sa a matsayi na biyu, a miƙa masa ƙuri'unsu. Mutum huɗu ne suka tsallake share fage, amma ɗan takara mai zaman kansa Al Gross ya janye, saura uku: Peltola, Palin, da Nick Begich, wanda shi ma ɗan Republican ne, kuma shi uwar jam'iyya ta jiha ta mara wa baya. A ƙidayar farko Peltola ta samu kusan kashi 40, Palin kusan 31, Begich kusan 28. Aka cire Begich. Kimanin rabin magoya bayansa sun sa Palin a matsayi na biyu. Sama da mutum dubu 15 sun sa Peltola. Sama da dubu 11 kuma ba su sa kowa ba.

Daga nan fushi ya tashi. Palin ta ce tsarin a murɗe yake, yana rikita mutane, kuma ya tauye haƙƙin masu zaɓe. Sanata Tom Cotton na jihar Arkansas ya kira shi damfara. Hujjar da ta fi yawo a bakin magoya bayan Palin ita ce: kusan mutum shida cikin goma ɗan Republican suka fara zaɓa, to yaya za a yi 'yar Democrat ta tafi Washington? Ban raina wannan tambaya ba. Dattijon da ya shafe shekara arba'in yana dangwala wa jam'iyya ɗaya, ya jira sakamako har mako biyu saboda ƙuri'un da ke zuwa ta gidan waya daga ƙauyuka masu nisa, sannan aka nuna masa lissafin da bai saba da shi ba, dole zuciyarsa ta yi zargi.

Amma hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma a nan ne na rabu da masu ita. Tana ɗauka cewa duk wanda ya zaɓi Begich kayan jam'iyya ne, ana iya kwashe shi a zuba wa Palin kamar yadda ake juye hatsi daga wannan buhu zuwa wancan. Takardar zaɓen ta tambayi waɗannan mutane ƙarara: in Begich bai samu ba, wa kuke so? Suka ba da amsa da hannunsu. Dubu 15 suka ce gara 'yar ɗaya jam'iyyar. Dubu 11 suka ce ba sa son kowa daga cikin biyun, kuma da ace rabinsu da ɗan ƙari sun rubuta Palin, da ita ta ci. Takardun da suka lalace saboda kuskuren cikewa ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, don haka batun cewa mutane sun ruɗe bai da tushe. Sun san abin da suke yi. Kiran su ruɗaɗɗu ko maciya amana hanya ce ta guje wa tambayar da ta fi zafi, wato me ya sa 'yan jam'iyyarmu suka ƙi 'yar takararmu.

Amsar ba a ɓoye take ba. Mutanen Alaska da yawa ba su yafe wa Palin ajiye muƙamin gwamna da ta yi a watan Yulin 2009 ba, tun wa'adinta bai ƙare ba, ta koma harkar talabijin da siyasar ƙasa baki ɗaya. A idonsu ta bar su ta tafi neman suna, sai da kujera ta faɗi sannan ta waiwayo. Bugu da ƙari, ita da Begich sun kwashe lokacin kamfe suna yaƙar juna. Shi yana tuna wa mutane ta gudu ta bar aiki, ita da mutanenta suna tuna musu cewa gidansu Begich gidan Democrat ne, tunda kakansa, wanda ya ɓace a jirgin sama a 1972, shi ne ɗan Democrat na ƙarshe da ya riƙe wannan kujera, baffansa Mark Begich kuma sanata ne na Democrat a da. Bayan wata biyu ana wannan, sai a ce wa magoya bayan kowane ɓangare su sa ɗayan a matsayi na biyu? Abin da aka shuka shi aka girba. Akwai kuma gaskiyar da masu cewa "jiharmu ce" ke mantawa: fiye da rabin masu rajistar zaɓe a Alaska ba su rubuta sunansu ƙarƙashin kowace jam'iyya ba. Sukan karkata ga Republican, amma ba su yi mata alkawari ba.

Murnar da aka yi a ƙauyukan yammacin jihar ita ta fi taɓa ni. Peltola 'yar ƙabilar Yup'ik ce, daga Bethel da ke bakin kogin Kuskokwim, garin da babu titin mota da ya haɗa shi da sauran jihar, sai jirgin sama ko na ruwa. Ita ce mutum ta farko daga 'yan asalin Alaska da ta shiga majalisar dokokin Amurka, a jihar da 'yan asalin suka kai kimanin kashi 15 cikin 100 na jama'a, kuma mace ta farko da ta wakilci jihar a Majalisar Wakilai. Wannan kaɗai ya isa abin farin ciki. Amma abin da ta sa a gaba a kamfe shi ne kifi, kuma mai karatu zai iya ɗaukar wannan ƙaramin abu. A waɗannan ƙauyuka kifin salmon da ake kamawa a lokacin zafi, a shanya, a banda, shi ne abincin gida na tsawon hunturu, domin kayan kanti da jirgi ake kawo su, tsadarsu ta fi ƙarfin talaka. A 2021 da 2022 kifin ya yi ƙarancin da har hukuma ta hana mutanen kogin Yukon kamun manyan nau'o'insa ko don ci, aka kuma taƙaita wa na Kuskokwim. A lokaci guda manyan jiragen kamfanoni da ke jan koma a tekun Bering suna kama salmon ba da niyya ba cikin neman wani kifi daban. Masana sun ce ɗumamar ruwan teku na da babban hannu a ƙarancin, amma mutumin da aka hana shi jefa koma a kogin kakanninsa, yana jin labarin jiragen, ba zai ga adalci ba. Peltola ta shugabanci hukumar kifi ta ƙabilun kogin Kuskokwim kafin ta fito takara, ta kuma yi shekara goma a majalisar dokokin jiha daga 1999. Da ta buɗe baki a kan kifi, masunta sun ji muryar wadda ta san aikin, kuma masunta a Alaska akwai su a kowace jam'iyya.

Sannan akwai halinta. Ba ta zagi kowa ba a kamfe. Ita da Palin sun san juna tun a Juneau, babban birnin jihar, lokacin ɗaya na gwamna ɗaya na majalisa, kuma har bayan zaɓe Palin ba ta daina yabon mutuncinta ba. Da ta isa Washington ta riƙe shugaban ma'aikatan Don Young a ofishinta. A watan Oktoba 'ya'yan marigayin mata suka fito suka goya mata baya, haka ma Sanata Lisa Murkowski, wadda 'yar Republican ce. Mai ra'ayin riƙau da ke son ya tsallaka jam'iyya sau ɗaya yana buƙatar ya tabbata ba za a raina shi a can ba, kuma Peltola ta ba shi wannan tabbaci.

'Yan Democrat na sauran jihohi su ma sun yi nasu kuskuren karatu, kuma ba zan ɗaga musu ƙafa ba. Sun yi ta shelar cewa Alaska ta juya, cewa hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yunin 2022 kan zubar da ciki ne ya tunzura mutane. Peltola na goyon bayan barin mata su yanke wannan shawara da kansu, kuma batun ya kawo mata wasu ƙuri'u. Amma matar da suke yi wa tafi mai kare haƙƙin mallakar bindiga ce, kuma ta tsaya tsayin daka sai da gwamnatin Biden ta amince da aikin haƙar mai na Willow a arewacin jihar a watan Maris na 2023, aikin da masu fafutukar kare muhalli na jam'iyyarta suka tsana. Waɗanda suka tsallako gare ta ba su bar ra'ayinsu a baya ba. Mutum suka zaɓa, kuma sun zaɓe ta ne saboda ta yi kama da Alaska fiye da yadda ta yi kama da jam'iyyarta.

Akwai ɓangare ɗaya da kukansa ke da tushe, kuma abin takaici shi aka fi ƙin saurara: magoya bayan Begich. Da hukumar zaɓe ta fitar da bayanan yadda aka jera 'yan takara a kowace takarda, masu nazari suka gano cewa da Begich da Peltola kaɗai aka gwada, Begich ne zai ci, haka kuma da shi da Palin. Wato mutumin da zai iya kayar da kowanne daga cikin biyun shi aka fara cirewa, saboda waɗanda suka sa shi a farko su ne mafi ƙaranci. Wannan rauni ne na gaske a tsarin, kuma masu kare tsarin da suka ƙi amsa shi ba su kyauta ba. Sai dai rauni daban, maguɗi daban. An san dokar tun kafin a shiga fili, kowa a ƙarƙashinta ya yi takara, an kuma yi ƙidaya a bainar jama'a. Abin da bayanan suka nuna shi ne 'yan Republican sun fifita 'yar takarar da sauran jama'a ba sa so a kan wanda za su iya karɓa.

Ba a daɗe ba aka sake gwadawa. A babban zaɓen Nuwamban 2022 mutanen nan uku suka sake karawa, wannan karo kowa ya san tsarin, masu zaɓe kuma sun fi yawa. Peltola ta ci da kusan kashi 55 cikin 100. Da ruɗewa ce ta kai ta Washington a watan Agusta, da ratar ta ragu, ba ƙaruwa ba.

A 2024 jam'iyyar Republican ta yi abin da ya kamata ta yi tun farko. Bayan share fage, mataimakiyar gwamna Nancy Dahlstrom, wadda Trump ya goya wa baya, ta janye ta bar wa Begich fili. Ya kayar da Peltola da 'yar ƙaramar rata, ƙarƙashin tsarin nan da aka ce an ƙirƙiro shi don a hana Republican cin zaɓe. A rana guda masu adawa da tsarin suka kai ƙorafinsu gaban jama'a ta ƙuri'ar raba gardama suna neman a soke shi, kuma wannan ita ce hanyar da ta dace da mai ƙorafi. Sun faɗi da ratar da ba ta kai ƙuri'a 800 ba cikin sama da dubu 320, aka sake ƙidaya, sakamako bai canza ba. Trump ya ci jihar da ratar kusan kashi 13 a wannan rana, amma Peltola ta faɗi ne da ƙasa da kashi 3. Ke nan dubban mutane sun dangwala wa Trump a saman takarda, suka sauko ƙasa suka dangwala wa 'yar Democrat, kuma Begich, da ke kan kujerar Don Young yanzu, da ƙuri'un irin waɗannan mutane zai ci gaba da zama ko ya sauka.