Dutsen da Muka Daina Hawa

A makon jiya wani abokina, likita haifaffen Gusau da ke aiki a Abuja, ya turo hoto a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu. Yana tsaye a ƙwanƙolin Kilimanjaro cikin rigar sanyi mai kauri, a bayansa ga allon da ke shaida cewa ya taka wuri mafi tsawo a Afirka, mita 5,895. Aka yi ta zuba masa barka, ni ma na yi, domin kwanaki da dama na tafiya a cikin iskar da ba ta ƙosar da huhu ba wasa ba ne. Can sai wani daga cikinmu ya tambaye shi: yaushe rabonka da Dutsen Kwatarkwashi? Zauren ya yi tsit. Da aka jima, wani lauya a cikinmu ya rufe maganar da karin maganar da kowa ya san za ta zo: ana ta kai, wa yake ta kaya.

Wannan amsar ce ta dame ni, kuma ita nake son in yi jayayya da ita. Ba ƙarya lauyan ya yi ba game da halin da muke ciki. Kuskurensa shi ne inda ya ajiye hawan dutse, wato a layin kaya, cikin abubuwan ƙawa da za a waiwaya idan ƙura ta lafa. Ni a ganina ikon da mutum yake da shi na ya fita bayan gari da ƙafafunsa, ya hau dutse, ya sauko, ya koma gida ba tare da ya bar wasiyya ba, shi ne kan da ake ta faɗa a kansa. Mu da muka yi boko a Zamfara mun sallama wannan iko tun da wuri, ba mu ko yi ƙorafi ba, saboda muna da kuɗin sayen madadinsa a wani wuri.

Ga wanda bai san wurin ba: Kwatarkwashi tana cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, a kan hanyar da ta fita daga Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba a mota. Dutsen ya tokare bayan garin, baƙi ƙirin, ana hango shi tun daga nesa. Tarihin baka ya ce mafarauta ne suka fara zama a kansa, kuma tsofaffi suna ba da labarin bikin kamun maiki, inda samari ke hawa har inda tsuntsun yake sheƙa su kamo shi a kawo gaban sarki. Ba ina kiran a dawo da tsafin da ke tattare da wancan biki ba ne. Musulunci ya riga ya raba mu da shi. Abin lura shi ne, al'ummar nan ta taɓa auna jarumtar saurayi da ƙarfin cinyarsa da tsawon numfashinsa a jikin dutse, ƙarnuka kafin wani ya zo ya sayar mana da takalmin hawa. Marigayi Sarkin Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar, wanda ya rasu a 2022, ya yi shekara 61 a kan gadon sarauta a gindin wannan dutse. A tsawon mulkin mutum ɗaya wurin ya tashi daga inda 'yan makaranta ke zuwa yawon buɗe ido, ya zama inda baƙo ke tambayar labarin hanya kafin ya kama ta.

Ina cikin waɗancan 'yan makarantar. Muna aji uku na sakandare aka kai mu, da gorar ruwa da ƙuli-ƙuli a aljihu, ba ɗan sanda ko ɗaya tare da mu. Na tuna yadda dutsen ke ƙona tafin hannu idan hantsi ya dubi ludayi, da yadda wani yaron garin da bai fi shekara goma ba ya wuce mu ba takalmi yana dariyar hakinmu. Daga sama gonakin dawa da gero sun shimfiɗu har inda ido ya gaji. A ranar na fara gane cewa Gusau ba ita kaɗai ce Zamfara ba, ƙauyuka ne ke riƙe da ita.

To, me ya faru da waɗannan gonakin? A watan Satumban 2023 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida, kusa da mazaunin Jami'ar Tarayya ta Gusau, a kan wannan hanyar dai, suka kwashi ɗalibai, yawancinsu mata, daga gidajen da suke haya. Kafin nan, a watan Afrilun shekarar, a Wanzamai ta ƙaramar hukumar Tsafe, an sace mutum kusan 80, galibi mata da yara, a daji. Abin da ya kai su dajin shi ne itacen girki.

Ina roƙon mai karatu ya tsaya a kan Wanzamai. Yarinyar da ta fita ɗebo itace da likitan da ke son hawan dutse ranar Asabar abu ɗaya suke buƙata: turbar da mutum zai bi da ƙafa ya dawo. Bambancinsu shi ne, da aka ƙwace turbar, shi ya sayi tikitin jirgi zuwa Tanzaniya, ita kuwa ta sake fita washegari domin tukunya ba ta jiran zaman lafiya. Saboda haka idan ɗan boko ya ce maganar hawan dutse ba ta taso ba alhali ana kashe mutane, yana jin kamar tausayi ne ya nuna. Amma abin da ya faɗa a zahiri shi ne shi ba ya buƙatar dajin, waɗanda ke buƙatarsa su san yadda za su yi.

Dubi yadda muka tsara rayuwarmu. Waɗanda ke Abuja sun shiga ƙungiyoyin hawan duwatsu na ƙarshen mako, da riguna iri ɗaya da hotuna a Instagram. Masu hali sun je Dubai sun biya kuɗi sun yi zamiya a kan ƙanƙarar da aka ƙera da inji a cikin kantin Mall of the Emirates, a tsakiyar hamada. Mu da muka rage a Gusau mun sayi injin gudu mun kafa a falo, muna tafiyar kilomita biyar ba mu bar gaban talabijin ba, in akwai wuta ke nan. Har sunan Turanci muka ara wa tafiyar ƙafa, don kada a ɗauka irin ta talaka ce. Abin dariya ne, kuma abin kunya, ga jikokin fataken da suka riƙa kora jakuna wata da watanni zuwa Gwanja sayen goro, da alhazan da suka ratsa Chadi da Sudan a ƙasa, wasu shekaru suka ɗauka kafin su ga Ka'aba. Almajiran da suka cika 'Yandoto a zamanin da take cibiyar ilimi da ƙafa suka zo mata. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa ya shafe kimanin shekara biyar yana zagaya ƙasar Zamfara yana wa'azi. Juriyar tafiya gadonmu ce. Mun yar da ita, yanzu muna sayen kwafinta da dala.

Akwai kuma batun jiki, wanda ba sai na tsawaita ba domin likitocinmu sun fi ni saninsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako. Duk wanda aka gano yana da hawan jini ko ciwon suga a Gusau, shawarar farko da zai ji ita ce ya riƙa tafiya. A ina? A bakin titin da babura da Keke Napep suka cinye, ko ya yi ta zagaya fili ɗaya kamar jakin niƙa. Ma'aikacin da ya tashi daga kujerar ofis zuwa kujerar mota zuwa tabarmar majalisa, a garin da duwatsu suka kewaye, ba ragwanci kaɗai ke damunsa ba. An rage masa faɗin duniyarsa, shi kuma ya saba.

Sabon nan shi ne abin tsoro, kuma hukuma ta fi kowa cin gajiyarsa. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996, duk takardar da ke tallata Zamfara sai ta sa Dutsen Kwatarkwashi a jerin wuraren yawon buɗe ido. Har gobe yana nan a jerin, kamar ba abin da ya sauya. A gefe guda kuma mun ga dabaru iri-iri. An yi sulhu da 'yan bindiga. An rufe layukan waya a faɗin jihar a watan Satumban 2021. A watan Yulin 2022 Sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani, abin da ya tayar da ƙura har gwamnatin jiha ta dakatar da sarkin. A farkon 2024 aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara. Kowace dabara ta zo da sanarwar nasararta, kuma kowace sanarwa da lissafin gawa ake auna ta: an kashe kaza, an ceto kaza, an ƙwato bindiga kaza. A matsayina na ɗan jarida na rubuta irin waɗannan labarai har na haddace tsarinsu. Ba wanda ya taɓa gaya mana kilomita nawa aka dawo wa mai tafiya a ƙasa.

Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata masu ilimi su riƙa ɗora wa kowace gwamnati, domin ba a iya yi masa kwaskwarima a ɗakin taron manema labarai. Shin malamar firamare za ta iya ɗaukar 'yan ajinta zuwa Kwatarkwashi ba tare da iyaye sun hana ba? Shin mutumin Tsafe zai iya hawa duwatsun bayan garinsu da la'asar? Kuma kada a yaudare mu da abin da na san za a yi idan wannan magana ta yi ƙarfi: a kwashi manyan baƙi da motocin sojoji goma, a hau rabin dutsen, a ɗauki hoto, a sauko kafin azahar. Wurin da sai da jerin gwanon bindigogi ake zuwa ba a ƙwato shi ba, ziyara aka kai wa wanda ke riƙe da shi.

Wani zai ce ai wannan tunanin Turawa ne, su da suka ƙoshi. Tarihinsu bai goyi bayansa ba. A watan Afrilun 1932 ɗaruruwan ma'aikata, yawancinsu daga birnin Manchesta, suka hau tudun Kinder Scout a Ingila da gangan, wurin da masu ƙasa suka killace don farautar tsuntsaye. Aka yi dambe da masu gadi, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Talakawan masana'antu ne, ba masu hutu ba, kuma abin da suka fara ya taimaka wajen samar da dokar gandayen ƙasa ta 1949, daga baya kuma dokar 2000 da ta buɗe wa jama'a duwatsu da filayen da aka hana su. Sun fahimci cewa tambayar wa ke da ikon taka ƙasa tambaya ce ta siyasa. Sai dai in faɗa da babbar murya: masu gadin Kinder Scout sanduna ke hannunsu, namu kuwa AK-47. Ba ina cewa wani ya ɗauki gora gobe ya nufi daji don ya nuna jarumta ba. Wanda ya yi haka ya jawo wa danginsa sayar da gida ne kawai.

Abin da nake nema ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi wahala. Mu fara da inda ƙafa ke iya zuwa yau. Likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da ma'aikatan banki su fito ranar Asabar bayan asuba, a ƙungiya, maza da nasu mata da nasu, su taka cikin Gusau har bakin gari, su san iyakar da tsoro ya shata musu, su kuma faɗe ta a fili: daga nan ba ma wucewa. Iyakar da aka ambata da suna ana iya tambayar gwamna a kanta bayan wata shida, ta matsa gaba ko ta matso baya. A yi wannan da shawarar masarautu da mafarauta da manoman yankin, waɗanda suka san wace turba ce ta mutu, wace ce ke da sauran rai, kuma a biya su ladan saninsu kamar yadda abokina ya biya 'yan rakiyar Kilimanjaro ba tare da ya nemi ragi ba. Jihar Kuros Riba ta fara tseren hawan Dutsen Obudu a 2005, 'yan tseren Habasha da Kenya suka riƙa zuwa. Okpekpe, ƙauye ne a Jihar Edo, tseren kilomita 10 da aka fara a 2013 ya sa sunansa a kalandar wasannin duniya. Ba na mafarkin haka ga Kwatarkwashi bana ko baɗi. Amma gwamnatin da ta sa ranar irin wannan tsere ta ɗaure kanta da alkawarin da kowa zai iya gani da idonsa ko an cika, shi ya sa nake zargin ba za a so sa ranar ba sai an matsa.

Ɗan yayata yana da shekara goma sha biyu, a Gusau aka haife shi. Rannan muna dawowa daga Zariya da rana tsaka, kowa a motar ya yi shiru kamar yadda aka saba yi daga Tsafe, sai ya nuna dutsen ta taga ya ce, "Kawu, da gaske ka taɓa hawa can?" Na ce da gaske. Ya tambaye ni ko daga sama ana hango gidanmu. Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ga shekara kusan ashirin ke nan, ban tuna ba.