Ko dodon wasan kwamfuta yana buƙatar katin shaida

A makon jiya wani ƙanena mai koyon rubuta manhaja ya kira ni in ga wasan da yake haɗawa. Dodanni goma ne ke bin jarumi. Ya harbe na uku, sai na huɗu ya faɗi matacce, na biyar kuma ya kama gudu irin na wani. Ya kwana biyu yana neman inda matsalar take.

Da muka duba, ashe jeri uku ya yi, irin wanda malamai a lakol ke kira tabulo: ɗaya na sunaye, ɗaya na yawan rai, ɗaya na gudu. Ya goge dodo daga jerin sunaye, ya manta sauran biyun, sai lissafi ya goce. Kamar mai shago ne da ya rubuta sunayen masu bashi a shafi ɗaya, kuɗinsu a wani shafi. Ranar da layi ɗaya ya goge, bashin wani ya hau kan wani.

Wasu kan gudu daga wannan su faɗa wata. Python da JavaScript suna barin mutum ya zuba suna da lamba da komai cikin jeri guda, sai ka ga an rubuta dodo[3]. Bayan wata biyu, wa zai tuna ko rai ne ko gudu? Balle ma ƙirga daga sifili take farawa, don haka gurbi na huɗu ake nufi.

A ganina hanyar ɗaya ce ga mai koyo: kowane dodo a ba shi katinsa, mai ɗauke da suna, rai, gudu da wurin da yake, kowane da sunansa a rubuce. A harshen C ana kiran wannan struct, a Python ana yi da class. Katunan ne za a jera cikin jeri guda. In dodo ya mutu, katinsa ya fita gaba ɗaya.

Haka manya suka yi. Wasan Doom ya fito a 1993, an saki rubutun manhajarsa a 1997, kowa na iya karantawa. A ciki akwai tebur guda inda kowane irin dodo ke da layinsa: Imp rai 60, Cyberdemon rai 4000, da gudu da ƙarar kowane.

Gaskiya ne, ƙwararru kan raba bayanai jeri-jeri da gangan idan abubuwa dubbai ke motsi lokaci guda, domin inji ya fi saurin karanta lambobin da ke jere kusa da juna. Amma mai dodanni goma bai kai nan ba. Sai an iya rarrafe ake gudu.

Ga iyaye da ƴan uwa da ke ci-rani, masu aiko kuɗin kwamfuta suna ƙorafin yaro na ɓata lokaci da wasa: ku tambaye shi yadda yake ajiye dodanninsa. Wanda ya iya wannan, gobe shi zai rubuta rajistar marasa lafiya a asibitin Maraɗi ko lissafin adashen mata a Damagaram. A can in layi ya goce, maganin wani za a ba wani, kuma babu maɓallin sake farawa.