A kwance mari, a kawo magani kusa

Babu garin da ba shi da mai taɓin hankali. Wani yana yawo cikin kasuwa da tsummoki, yara suna jifar sa. Wani kuma ba a ganin sa, domin yana ƙuryar gida da mari a ƙafa, ko an sa shi a turu shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wata cutar ƙwaƙwalwa, babba ko ƙarama. Mafi yawansu ba su yaga tufafi ba, baƙin ciki mai tsanani ne ko fargaba ke cin su a ɓoye. Ciwo mai nauyi kuwa, wanda ke sa mutum ya riƙa jin muryoyin da ba wanda ke ji, yana kama kusan mutum 1 cikin 300.

Mu a ganinmu, taɓin hankali ciwo ne kamar sauran ciwace-ciwace, kuma yana jin magani. Saboda haka aikin kula da shi yana wuyan ma'aikatar kiwon lafiya, tun daga likitar ƙauye har babbar asibiti. Abin da muke nema shi ne a tsara wannan aiki yadda talaka zai same shi kusa da gida.

Inda muke a yau

A babbar asibitin ƙasa ta Yamai akwai ɓangaren masu taɓin hankali, wanda kowa ya sani da sunan Pavillon E. A babbar asibitin Damagaram ma akwai irin wannan ɓangare. Ma'aikatar kiwon lafiya tana da shiri na ƙasa mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Amma lokotorori ƙwararru a wannan fanni kaɗan ne ƙwarai, kuma akasarinsu suna manyan birane.

Mu duba nisa. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Daga Diffa ya fi kilomita 1300. Mai taɓin hankali ba ya tafiya shi kaɗai, sai da mutum biyu ko uku masu riƙe shi. Ga kuɗin mota, ga na abinci, ga na magani. In ciwon ya tashi da damana, masu rakiya za su bar gona ba noma, haki ya cinye hatsi. Mai gida sai ya auna: ya sayar da akuyoyinsa ya kama hanya, ko ya tafi wajen maƙeri a ƙera mari? Da yawa sukan zaɓi mari. Ba mu zargin su da mugunta. Tsoro ne da rashi suka kai su: tsoron kada ɗansu ya faɗa rijiya, ko ya ji wa wani ciwo, ko ya ɓata.

Amma mari ba ya warkarwa. Yana cin ƙafa har ta yi gyambo, yana shanye gaɓoɓi, yana ƙara wa mara lafiya firgita. A shekarar 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana cewa ta tarar da ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60. Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba, amma kwance namu aikinmu ne.

Ranar da ciwo ya tashi

Wurin da aka fi rauni shi ne ranar farko. Mutum ya daina barci, yana sambatu, ya ɗauki adda, ko ya ce zai kashe kansa. Wa za a kira? Sau da yawa samari ne ke taruwa su danne shi da duka, ko a kira jandarmomi. Jandarma zai iya hana ɓarna, amma ba shi da allura, kuma ɗakin tsaro ba ɗakin jinya ba ne.

Muna kira ga hukumomin lafiya su ɗauki wannan rana kamar yadda suka ɗauki naƙuda mai gardama. An san hanyar mace mai naƙuda: daga ƙauye zuwa likita, daga likita zuwa asibitin gunduma cikin mota. Haka ya kamata a shata wa mai taɓin hankali hanya. Manjon likita ya san allurar kwantar da hankali, kuma ya same ta cikin akwatinsa. Motar ɗaukar marasa lafiya ta yarda ta ɗauke shi. Kowace asibitin gunduma ta ware ɗaki ɗaya ko biyu, masu tsabta, inda zai kwana har ya natsu. In ta kama dole a riƙe shi, a yi da ƙyalle mai taushi, na ɗan lokaci, ma'aikaci yana duba shi, kuma a rubuta dalili cikin littafi.

Akwai wani dalili mai ƙarfi na kai shi likita da wuri. Ba kowane sambatu ne hauka ba. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yana rikita hankali. Haka sanƙarau. In aka ɗaure irin wannan mara lafiya a gida ana jiran ya huce, zai iya mutuwa cikin kwana biyu. Duk wanda ya rikice tare da zafin jiki, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, a gaggauta da shi. Haka kuma mai jego da hankalinta ya gushe cikin makonnin farko bayan haihuwa. Wannan yana samun mace 1 ko 2 cikin 1000, kuma akasarinsu suna warkewa sarai in an yi musu magani.

Babban gidan mahaukata ko ɗaki cikin asibiti?

Wasu suna cewa: gwamnati ta gina ƙaton gida a bayan gari, ta kwashe dukan masu yawo kan titi ta zuba ciki, a huta. Maganar tana da daɗin ji, amma ƙasashen da suka bi wannan hanya sun dawo daga rakiyarta. A irin waɗannan gidaje mutum yakan shiga ya tsufa, dangi su manta da shi, kuɗi kuma su ƙare wajen gini da gadi. Ƙasar Italiya ta kafa doka a 1978 ta rufe irin waɗannan gidaje sannu a hankali, ta mayar da jinya cikin asibitoci na kowa da cikin unguwanni.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. A 1954, wani lokotoro ɗan Najeriya, Thomas Adeoye Lambo, ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Mara lafiya yakan sauka a ƙauyen da ke kusa da asibiti tare da wani danginsa. Da rana ya je a yi masa magani, da dare ya kwana cikin mutane. A asibitin Fann ta Dakar ma, an riƙa kwantar da mara lafiya tare da ɗan rakiya daga gida, kuma ana zaman tattaunawa tsakanin marasa lafiya da dangi da ma'aikata. Wannan ya dace da al'adarmu, domin mu ba mu saba barin namu shi kaɗai a gadon asibiti ba.

To, manyan ɓangarori irin na Yamai da Damagaram fa? Muna bukatar su, kuma a gyara su. Su karɓi ciwon da ya fi ƙarfin gunduma, su koyar da ma'aikata, su riƙa kewaya jihohi suna duba aiki. A raba maza da mata, a samu ruwa da abinci da makewayi. Kada a kwantar da mutum fiye da bukata. Ranar sallama a ba shi takarda zuwa ga manjon garinsu, mai ɗauke da sunan magani da ranar komawa. Tun 2008 OMS ta fito da wani shiri mai suna mhGAP, wanda ke koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba yadda za su gane waɗannan cututtuka su yi maganinsu. Ke nan ba sai mun jira ranar da kowace gunduma za ta samu ƙwararren lokotoro ba.

Kada magani ya yanke

Mara lafiya yakan samu sauƙi a asibiti, ya komo gida, ya kama noma. Bayan wata uku magani ya ƙare. A likitar garin babu, a kantin magani na birni ya yi tsada. Sai ciwo ya dawo, jama'a su ce maganin asibiti ba ya yi. Alhali yankewa ce ta jawo. Wasu magungunan ana shan su wata da watanni, wasu shekaru. Akwai ma allurar da ake yi sau ɗaya a wata.

Magungunan farko na wannan ciwo tsofaffi ne, ba su da tsada sosai. Haka maganin farfaɗiya: OMS ta ce har mutum 7 cikin 10 masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. Amma a duniya, abin da gwamnatoci ke ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa bai wuce wajen kashi 2 cikin 100 na kuɗin kiwon lafiya ba. Ƙasarmu ta ɗauki matakin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta tun 2006. Muna ganin mai taɓin hankali wanda ba shi da kowa ya cancanci irin wannan rangwame. Bukata kuma ƙaruwa take yi. Tun hare-haren da suka soma a jihar Diffa a 2015, da gudun hijirar da ya kawo dubban mutane jihar Maraɗi a 2019, akwai masu yawa da abin da suka gani ya hana su barci. Ga kuma ƙwayar tramol da wiwi suna lalata samari.

Abin da ke wuyanmu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun san iyali sukan fara zuwa wajen malam ko mai maganin gargajiya. Addu'a ba ta hana shan magani. Roƙonmu gare su shi ne su bar duka da horon yunwa da sarƙa, kuma su tura mara lafiya likita da wuri.

A gida kuwa, in ciwo ya tashi, mutum ɗaya wanda mara lafiya ya yarda da shi ya yi masa magana a hankali. A kori ƴan kallo. A kawar da wuƙa da adda da igiya. Manoma su kulle maganin ƙwari nesa da ɗakin kwana, domin a duniya kusan mutum 1 cikin 5 da suka kashe kansu, maganin ƙwari suka sha. Wanda ya ce ya gaji da duniya, kada a yi masa dariya, kada kuma a bar shi shi kaɗai. In magani ya sa jiki ya sanƙare, ko rawar hannu, ko dalalar miyau, a koma wajen manjo ya gyara, kada a daina sha. In ya samu sauƙi a ba shi aiki: kiwo, ban ruwan garka, saƙar tabarma. A hana yara jifa da waƙar tsokana.

Masu gari da kwamitocin lafiya su ƙidaya waɗanda ke ɗaure a garuruwansu, su kai lissafin ga shugaban likitocin gunduma. Ranar 10 ga watan Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Kafin ta zagayo, kowane kwamiti ya tambayi hukuma abu biyu: ina ɗakin da za mu kai namu in ciwo ya tashi da dare, kuma yaushe maganinsa zai iso likitarmu?

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri.