Da tsohuwar zuma ake magani

 A wannan watan kakarmu ke cika shekara uku da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Muka ce bari mu yi zancenta a nan, don mun san kusan kowace cikinmu tana da irinta, ko a raye ko a zuciya.

Mu jikokinta mata, kishiyoyinta ne a wasan jika da kaka. In ta sauke masa, ta farko ta "angwayenta" ce, wato jikoki maza. Mu kuwa sai ta harare mu ta ce kishiya ba ta da rabo, can kuma ta miƙo mana namu a ƙoƙo, har da ƙari.

Kaka ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma ma'auninta ba ya kuskure. Ta damƙi hatsi cikin turmi ta san ko surfe ya yi. Ta sansana ƙullun masa da asuba ta san ko tsami ya yi yawa. In ya yi, ta jiƙa ƴar kanwa ta tsiyaya ruwan a ciki. Ba ta san yis na kanti ba, ragowar ƙullun jiya shi ke tada na yau. Tandarta ta ƙasa ce, ta yi baƙi ƙirin don man gyaɗa, kuma wallahi ba mai isa ya kai mata sabulu.

In aka sa ranar auren wata cikin dangi, tun saura mako ake aiko mata da alkama. A ɓarza, ta murje da mai, ta rufe ya kwana biyu, sannan ta murza ta nannaɗe, a soya a wuta marar ƙarfi, a tsoma cikin zuma. In muka matsu sai ta ce: "Ke ƴar nan, alkaki ba ya son mai gaggawa." Amaryar da aka kai gararta da alkakin Kaka ba ta jin kunya gaban dangin miji.

Amma shekarar 2005 ce ta nuna mana darajar hannunta. Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara ta biyo baya, rumbuna suka ƙare tun kafin bazara. Ƴan uwa na Maraɗi, Tawa da Damagaram, ba sai an ba ku labari ba. Da tiyar hatsi ta gagari talaka, Kaka ta fiddo abin da ta koya wurin tata uwar. Ta sa a ɗebo ɗiyan anza, waɗanda ba sa ciwuwa ɗanyu don ɗaci, har suna iya cutarwa. Ta jiƙa su kwana da kwanaki tana sake ruwa har ɗacin ya fita, sannan ta dafa kamar wake. Ta tafasa ganyen jiga da tafasa, ta kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli. Ɗan hatsin da aka samu kuwa, kunu ne na yara da masu shayarwa tukuna, manya daga baya. Da ikon Allah, gidanmu ba a binne yaro ba a wannan shekara.

Ko cikin wannan hali ba ta fasa ɗebe ɗan kaso a akushi ba, wai rabon wanda ke bisa hanya. Wata rana almajiri ya ci, wata rana a kai wa maƙwabciya mai jego. Ana cewa zumunta a ƙafa take. Ta Kaka a akushi take tafiya.

Yanzu ga inji, ga taliya, ga Maggi. Sun rage mana wahala, mun gode Allah. To, amma fari bai yi mana alkawarin ba ya dawowa ba. Ɗiyanmu mata nawa ne suka san yadda ake kashe ɗacin anza, ko yadda ake daddawar batso? Ranar da kuɗi suka yanke, sanin nan shi ne abinci.

Don haka ga shawararmu. Tsofaffin nan da suka rage mana, mu zauna kusa da murhunsu. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci su ɗauki littafi da alƙalami. In tsohuwa ta ce "kaɗan", a tari hannunta a juye a ludayi, a ga nawa ne kaɗan ɗin, a rubuta. In ta ce "sai ya yi", a tambaye ta da me ake ganewa: ƙamshi ne, launi ne, ko taɓawa? Kuma mu tafi da ɗiyanmu mata, su gani da idonsu, su sa hannu.

Allah ya jiƙan kakanninmu da suka riga mu, ya sa abin da suka ciyar ya zame musu haske a kabari. Waɗanda ke raye, Allah ya ƙara musu lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.