In Mataimaki Ne, Sai Me?

A wajen wata walimar suna a nan unguwarmu ta Tremont, wani dattijo da nake ganin girmansa ya tambaye ni abin da nake karantawa. Na ce masa ina koyon aikin mataimakin jami'in okufeshinal terafi, wato masu koya wa majinyaci yadda zai koma yi wa kansa hidimar yau da kullum. Sai ya yi dariya ya ce, "Haba ɗana, ka tsallako teku don ka zama yaron wani? Ai wankin tsofaffi ne kawai aka yi wa ado da Turanci." Na sunkuyar da kai don ladabi. Amma abin da ban iya faɗa a gaban manya ba, zan faɗe shi a wannan shafi, domin na san ɗalibai da yawa sun sha irin wannan gori.

Jama'a, muna da wata cuta. In yaro bai ce likita zai zama ba, ko lauya, ko injiniya, to a wurinmu bai yi karatu ba. Nawa muka sani da suka shekara biyar suna bin hanyar likitanci, bashi ya yi musu katutu, daga ƙarshe suka koma tuƙa tasi ba takarda ko ɗaya a hannu? Ba na raina tasi, ita ta ciyar da gidaje da yawa a Bronx. Abin da nake ƙi shi ne girman kan da ke hana yaro kama reshen da hannunsa ya kai.

Bari in fayyace mene ne karatun, tunda masu sukar ba su taɓa tambaya ba. Ba sabon abu ba ne: a 1917 aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a garin Clifton Springs, cikin wannan jiha ta New York. Karatun mataimaki na kimanin shekara 2 ne, kuma kwalejin LaGuardia da ke Queens tana yin sa. Daga Tremont sai ka hau jirgin D zuwa titi na 42, ka sauya zuwa jirgi mai lamba 7. Kafin a karɓe ka cikin ainihin shirin sai ka ci darussan sassan jiki da aikinsu da na halayyar ɗan Adam da maki mai kyau, don gurbi kaɗan ne. Bayan aji akwai aikin horo na aƙalla mako 16 a gaban majinyata. Sannan ka zauna jarrabawar ƙasa ta NBCOT, ka nemi izinin aiki daga jiha. Alƙaluman Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka na 2023 sun nuna matsakaicin albashin aikin ya haura dala 60,000 a shekara. Wannan ne wankin tsofaffi?

Amma ba kuɗin ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. A lokacin aikin horona, a wani gidan jinya, na tarar da wani tsoho mutumin Maraɗi da hawan jini ya shanye masa ɓarin dama. An rubuta a takardarsa cewa ba ya ba da haɗin kai. Kullum a kawo cokali a sa masa a hagu, shi kuma ya kau da kai. Na durƙusa na ce, "Baba, sannu da jiki." Ya zuba mini ido kamar ya ga ɗan cikinsa. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Ɗana, hannun da nake tsarki da shi za a ce in kai abinci baki da shi? Gara in kwana da yunwa."

Na kai wa shugabata bayani, ita kuma, Allah ya saka mata, ta sauya tsarin. Aka samo maɗauri da ke riƙe cokali a tafin damansa. Motsa yatsu da yake ƙi yi da ƙwallon roba, sai ga shi yana yi da carbi ba wanda ya roƙe shi. Muka koya masa alwala a zaune da ƙaramar buta mara nauyi. Ranar da ya kai loma bakinsa da hannun dama, ya yi hawaye, ni ma na juya baya. Shugabata ta fi ni ilimi nesa ba kusa ba, amma ba a koya mata buta da carbi a jami'a ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, dattawanmu da suka zo nan tun shekarun 1980 da 1990 daga Kumasi, Accra, Yamai da Kano sun fara tsufa. Hawan jini da ciwon suga suna kayar da su. In duk mun raina wannan aiki, wa zai tsaya a gefen gadonsu ya ji abin da suke faɗa?

Masu suka suna da gaskiya a wuri guda, ba zan ɓoye ba. Mataimaki yana aiki ne a ƙarƙashin babban jami'i. Shi ke da alhakin auna majinyaci da tsara jinyar, kuma zama babban jami'in sai da digiri na biyu. Haka ne. Amma wanda ya fara daga mataimaki yana iya ci gaba da karatu da guminsa, ba da bashi kaɗai ba. Kuma ina mai gargaɗi: kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar hukumar ACOTE ta amince da shirin makarantar, in ba haka ba ba za a bar ka ka zauna jarrabawar ba. Mai bizar ɗalibi kuma ya fara zama da ofishin ɗaliban ƙasashen waje na kwalejinsa.

Ku kuma masu cewa ilimin ba shi da amfani a gida, ku tuna Kano. A 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, amma waɗanda ta riga ta shanye suna nan, wasunsu ma su ke ƙera wa 'yan uwansu kekuna masu ƙafa uku. Ga waɗanda ake sallama daga asibitin ƙashi na Dala bayan haɗarin mota, a kai su gida a kwantar a ɗaki, a ce sai haƙuri. Haƙuri wajibi ne, amma bai hana a koya wa mutum sa rigarsa da kansa ba.

Don haka ina kira ga ƙungiyarmu: a taron sababbin ɗalibai, a riƙa gayyato masu irin waɗannan sana'o'i su yi bayani, ba likitoci kaɗai ba. Iyaye kuma ku tambayi abin da yaro ke koyo kafin ku yi masa dariya. Shi kuwa dattijon walima, har gobe ina gaishe shi da girmamawa, ina kuma roƙa masa lafiya mai ɗorewa. In kuwa wata rana jiki ya ƙi, ina fata ya samu mataimakin da zai ce masa "Baba, sannu da jiki" da harshen da ya tashi da shi.

Allah ya sa mu dace.